Ɗan Luba Ne

Duk wanda ya bi hanyar Maraɗi a zamanin Turawa ya san rumfata. Tana dab da gorar da aka gitta a bakin iyakar Jibiya, inda ƙasar Ingilishi ta ƙare ta Faransi ta soma. Ni ce Luba mai tuwo. Na ciyar da fatake, na ciyar da 'yan fasa-ƙwauri, na ciyar da 'yan dokan da ke kama su, wani lokaci ma a akushi ɗaya. Ba ni da haƙuri, kowa ya shaida, tsufa kuma bai ƙara mini ba. Amma labarin nan ba nawa ba ne, na yayata Hajo ne da ɗanta na fari.

Hajo ta yi aure a Magama. Mijin ya rasu ya bar ta da ciki, ta zo goyon ciki gidanmu a Farfaru, a gefen Ingilishi, nan ta haihu. Shi ya sa ake kiran yaron Ɗanmaraya. Kunyar ɗan fari kowace mace tana yi, amma ta Hajo ta wuce ta kowa. Ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta taɓa kallonsa a gaban mutane ba. Nono ma sai an kaɗa kowa waje take ba shi. Da aka yaye shi aka miƙa mini, ina 'yar budurwa, ita kuwa ƙanen mijin ya aure ta, ta koma Magama. Yaron ya tashi yana kirana Inna, yana kiranta Yaya kamar yadda ya ji ina yi. In tana son tambayar lafiyarsa sai ta ce da ni, "Ya wancan?" tana kallon wani wuri daban.

Yana ɗan shekara bakwai ko takwas gyambo ya kama masa ƙwauri. Mun yi na wanzami, mun yi na tsofaffi, ƙafa sai wari take ƙarawa. Na goya shi na tsallaka iyaka zuwa asibitin wasu Turawan mishan a gefen Maraɗi. Suka ce sai ya zauna. Ya zauna, ƙafa ta warke, suka sa shi makaranta, daga baya ya shiga addininsu. Na yi kuka har na gode wa Allah, don ni Musulma ce, kuma a haka nake fatan cikawa. Amma har gobe in aka ce in zaɓa tsakanin in kai shi ko in bar ƙafar ta ruɓe da shi, zan sake goya shi. Malam Ya'u, wan ubansa, wanda shi ne babba a gidansu na Magama, tun daga ranar bai ƙara amsa gaisuwata ba.

Yaron Allah ya ba shi kai. Ya gama makarantarsu ta Littafi Mai Tsarki, suka tura shi Kudu, ya ci wasu jarrabawa na ƙasar Turai yana zaune a nan, ya dawo yana koyarwa a inda ya tashi. In ya zo gaishe ni sai ya zauna a bayan rumfa da wani littafi mai baƙaƙe kamar sawun kaji, yana karantawa daga dama zuwa hagu. Ya ce Ibrananci ne, harshen da aka fara rubuta Zabura da shi. Na ce to, ko ba komai sun san ta inda ake fara karatu.

'Yan shekaru kafin Turawa su tafi, da damina ta faɗi, ya zo mini da fara'ar da ban taɓa gani a fuskarsa ba. Ya ce ya nemi shiga wata babbar makaranta a ƙasar Sikotland, ya yi karatun ƙoli na addininsu, wanda in mutum ya gama ake ce masa dakta, ba na allura ba. Zabura yake so ya bi aya-aya daga asalinta, ya ga inda Hausar da aka sa mata ta yi daidai da inda ta kauce. Ya shekara yana rubuce-rubucen neman, malamansa sun yi masa shaida, mutanen can sun ce sun yarda, har da ɗaukar nauyinsa. Sharaɗi ɗaya ya rage. Taimakon na 'yan ƙasar Ingilishi ne kawai, shi kuwa a ƙasar Faransi ya girma. Sai Di'o, Baturen mulki, ya sa hannu cewa a wannan gefen aka haife shi, sannan a ba shi fasfo ya bi jirgin ruwa kafin a buɗe makarantar da kaka. Di'o kuwa ba ya sa hannu sai dagaci, ko uba, ko uwa sun tsaya a gabansa sun shaida.

Uba yana ƙasa. Dagacin da aka haife shi a zamaninsa ya rasu, sabon ya ce shi bai san zancen ba, a tambayi dangin uba. Ɗanmaraya ya tafi Magama, ya tuɓe takalma ya durƙusa a zauren Malam Ya'u. Tsohon bai ko ɗaga kai daga igiyar da yake tufkawa ba.

"Gidanga ba a haihi mai wanga addini ba," in ji shi. "Waɗanda sunka ɗauke ka su shaide ka."

Saura Hajo ke nan. Da ya faɗa mini, gabana ya faɗi, don na san yayata.

Na ce, "Ɗan nan, bar wagga magana. Ni in tsaya in ce ni na haihe ka. Wa za shi ƙaryata ni? Bayana ka girma."

Ya ce, "A'a, Inna. Maganar Allah za ni karantawa. Ba ni shiga ta da ƙarya a bakina."

"Ai ba bakinka ba ne, nawa ne!"

Ya yi murmushi ya ce duk ɗaya ne. Na so in maka masa muciya. Ilimi ya yi masa yawa har ya hana shi wayo.

Haka na kama hanyar Magama cikin taɓo. Na sami Hajo a ɗakinta tana kaɗi. Ban ɓoye mata komai ba. Na ce Bature zai zo Jibiya rangadi, zai tambaye ta a gaban jama'a, kuma sai ta buɗe baki ta ce ita ta haife shi a Farfaru, in ba haka ba tafiyar ta fasu. Mazarinta yana ta juyawa. Can ta tambaye ni ko gaskiya ne ƙasar da za shi ruwa ma daskarewa yake yi don sanyi. Na ce haka na ji. Ta ci gaba da kaɗinta. Na dawo ban san ko ta yarda ba.

Ranar da Di'o ya sauka, marka ake yi, irin ruwan nan da ba ya zuba ba ya ɗaukewa. Aka kafa masa tebur a rumfar kwano ta 'yan doka, kusa da gora. Mutane sun taru da ƙararrakinsu, wani an kama masa jakai, wani gonarsa ta haura iyaka. Baturen dogo ne mai jan wuya, ana ce masa Mai Lofe. Yana jin Hausa, irin ta littafi. Ɗanmaraya ya sa farar riga, ya zauna a rumfata ya kasa cin komai, idonsa na kan hanyar Magama.

Sai ga ta. Ta jiƙe sharkaf, da ƙunshi a ka, ta lulluɓe shi da tabarma don kada ruwa ya taɓa shi, ita kuwa ko oho. Ɗanmaraya ya miƙe tsaye. Ta wuce shi kamar ba ta ga kowa ba, ta sauke ƙunshin a bayan tukwanena. Na ji daɗi har na manta da fargabata. Na ce a raina, tunda ta taka ta zo, sauran mai sauƙi ne.

Ban lura da Malam Ya'u ba sai da aka kira mu. Ya biyo bayanta a kan jaki. Bai shiga rumfar ba, bai yi wa kowa magana ba. Ya tsaya a gefe da malafarsa da sandarsa, daidai inda duk wanda ya fuskanci teburin sai ya gan shi. Wan miji ne har sau biyu, mutumin da Hajo ba ta taɓa cin abinci a gabansa ba. Ban sani ba ko mugunta ce ta kawo shi ko son ganin ƙwaf, Allah ne masani. Ni dai ban yafe masa tsayuwar nan ba.

Hajo ta durƙusa a gaban tebur, ta ja gyale ta rufe rabin fuska. Ɗanmaraya yana tsaye a gefenta, ƙila bai taɓa kusantarta haka ba tun da aka yaye shi. Di'o ya duba takardun, ya cire lofe daga baki.

"Tsohuwa, sannu da zuwa. Wannan mutum da yake tsaye, ɗanki ne?"

Shiru. Ruwa yana ta ɗiga daga bakin kwano. Matan da ke bayana suka soma 'yar dariya ƙasa-ƙasa, don wa ya taɓa jin an yi wa mace irin wannan tambayar a tsakiyar maza? Hajo ta ƙara sunkuyar da kai.

Ɗanmaraya ya yi wa Baturen magana da Turanci, a hankali, cikin ladabi. Daga baya ya gaya mini cewa ya yi bayanin al'adar, ya roƙa a saurare ta a keɓe. Baturen ya ce ya san al'adar, ba yau ya zo ƙasar Katsina ba. Amma shaida a gaban jama'a ake yin ta, don in a keɓe ne kowa yana iya ɗauko tsohuwa a kasuwa, mutanen Faransi kuma sun sha yi masa haka. Ya ce shi ba zai iya rubuta shiru a takarda ba.

Ya sake juyowa wajenta. "Kada ki ji tsoro. Magana ɗaya ce. Ke kika haife shi?"

Na ga kafaɗunta sun motsa. Ta ɗaga kai kaɗan, idonta ya kai kan sandar Malam Ya'u, ya dawo ƙasa. Sai ta yi magana, da wata murya da ban san ta da ita ba, har na bayan rumfa suka ji.

"Ɗan Luba ne."

Matan suka ce, "Ayyo!" Wata tsohuwa ta share hawaye. Duk wanda ke wurin, tun daga 'yan doka har masu jakai, ya san abin da ta ce. Macen da ba ita ta haifa ba cewa za ta yi ba ta san shi ba. Wadda ta rufe fuska ta jingina shi ga ƙanwarta kuwa, ta gama faɗa. Shi kansa Malam Ya'u sai da ya kawar da kai.

Baturen ya ce, "Wace ce Luba?"

Na kutsa gaba na ce ga ni. Ya dube ni sama da ƙasa, ya dubi Ɗanmaraya mai gemu, ya tambaye ni ko ni na haife shi. Na buɗe baki zan ce i, wallahi da na faɗa, in ya so Allah ya yi mini hisabi. Sai yaron ya riga ni.

"A'a, ranka ya daɗe. Ita ta rene ni. Ba ita ta haife ni ba."

Baturen ya ja numfashi. Ba zan yi masa ƙarya ba, bai yi fushi ba, gajiya na gani a fuskarsa. Ya ce da Hajo to ta faɗi sunansa kawai, sunan yanka, zai karɓa. Sunan kuwa na surukinta ne, uban mijinta, wanda ko a mafarki ba za ta kama ba. Ta dafa ƙasa da hannu biyu. Bakinta ya buɗe, ya rufe. Jikinta duk yana ɓari kamar mai zazzaɓi. Ɗanmaraya ya dube ta, ya daɗe yana dubanta, sannan ya ce da Baturen wani abu gajere. Ce masa ya yi a ƙyale ta haka.

Di'o ya yi rubutu, ya yi magana da Turanci, ya miƙa masa takardunsa. Ɗanmaraya ya karɓa da hannu biyu, ya rusuna ya yi godiya. Aka kira mai ƙarar jakai. Babu wanda ya ji Turancin, don haka jama'a suka ɗauka an gama lafiya, har wasu na yi masa barka. Ni kaɗai na ga yadda ya riƙe takardun.

Na ja shi bayan rumfa na ce, "Mi yac ce?"

"Ya rubuta matar da anka kawo ta ce ɗan wata ne, waccan ɗin kuma ba ita ta haihe shi ba. Ya ce ba shi sa hannu."

Na ce ba za a yi haka ba. Mu bi shi Katsina, mu kai ta ofishinsa inda babu Ya'u, in ta kama in daka ta sai ta faɗa. Ya girgiza kai. Ya ce abin da aka rubuta ya riga ya shiga, duk wanda ya buɗe shi zai fara gani, kafin a warware kuwa jirgi ya tashi, an ba wani gurbin.

"Ko da da lokaci, Inna, ba ni sake durƙusar da ita gaban maza. Kin ga hannuwanta?"

Na zage shi, na zagi Baturen, na zagi Ya'u da jakinsa. Ya tsaya yana saurare har na gaji.

Muna cikin haka Hajo ta leƙo daga ɗaya gefen, ta ba shi baya, ta yafito ni. Ta kwance ƙunshin nan. Dakuwa ce a ƙwarya, da yajin daddawa, da gwado sabo fil, mai kauri, wanda ta kaɗa zarensa da hannunta ta kai wa masaƙi. Ko ɗigon ruwa bai taɓa shi ba.

"Ki ba wancan," ta ce. "Ki ce mai shi riƙa ruhe ƙahwar nan, sanyi na tada tsohon ciwo. Yaushe za shi tashi?"

Shi ya amsa daga bayana, yana kallon tukunya, kamar da ni yake.

"Inna, ki ce ma Yaya nan da 'yan kwanaki. Ki ce mata an gama komi, na gode."

Ta gyaɗa kai, ta ɗauki tabarmarta ta ɗora a ka, ta kama hanyar Magama ba ta waiwayo ba. Ya bi ta da ido har ta sha kwana. Sannan ya sa ni na yi masa alkawari ba zan taɓa gaya mata ba. Ya naɗe gwadon a hammata, ɗan doka ya ɗaga masa gora, ya nufi arewa cikin yayyafi, yana ɗan ɗingishin nan nasa.

Maraɗi kusa ce, fatake kullum suna kai da kawowa, ya san labari zai iso Magama. Don haka ya roƙi mutanensa su tura shi nesa, can gaban Damagaram, wani ƙauye da ko mota ba ta zuwa. A can ya zauna yana koya wa yara baƙi da wasali, mutumin da aka kira shi ƙasar Sikotland. Bai sake neman tafiyar ba. Bai kuma sake taka Jibiya ba, don wanda yake bayan teku ba a ganinsa a kasuwa. Lokaci-lokaci wani mai raƙumi yakan kawo mini gaisuwarsa, ni kuma in kai Magama in ce daga Turai ta zo. Shi da ya ƙi in yi ƙarya ɗaya a gaban Bature, ya bar ni da ita shekara da shekaru a gaban 'yar'uwata. Na aika masa da wannan maganar, bai aiko da amsa ba.

Hajo takan tambaye ni ko wancan ya zama daktan. In ce ya kusa, karatun ne da tsawo. Ta ce Allah ya taimaka, ta koma kan kaɗinta.

Da ciwon ajali ya kama ta, na rufe rumfa na je na zauna da ita. Na aika Damagaram, amma na san kafin saƙo ya je ya dawo an yi bakwai. Wata ranar da hantsi, matan gidan sun fita tsakar gida, ta kamo hannuna ta jawo ni kusa. Ta rame har ba ta da nauyin kirki.

"Luba, kin tuna ranar Baturen nan?"

Na ce na tuna.

"Rannan na zubda kunyata. Gaban Malam, gaban maza, gaban kowa, na buɗe baki na yi magana kan yaron nan. Har yau in na tuna sai in ji kamar in nutse." Ta huta, ta haɗiye yawu da ƙyar. "Amma ban yi da-na-sani ba. Ban taɓa yi mai komi ba tun da yaz zo duniya, sai wanga guda. Da ban hwaɗi ba, da bai tahi ba, ko?"

Tana kallona, tana jira. Idonta ya yi haske kamar na yarinya.

Na ce, "Da bai tahi ba, Yaya."

Ta saki hannuna, ta juya fuskarta bango.